Sayen tsohon jirgin ruwa yana kan tudu

Tambaya: Malam, ni mai fito ne a Yawuri. Ruwa ya ja baya, sana'a ta tsaya, wani zai sayar mini da tsohon jirgin katako da inji Yamaha mai ƙarfin doki 40 da araha. An janye jirgin kan tudu, ya shafa masa sabuwar kwalta, ya ce yadda na gani haka zan ɗauka, ba dawowa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Arahar halal ce, ko da matsi ya sa shi sayarwa, sai dai kada ka danne shi.

Abin da ya tsayar da ni a tambayarka sabuwar kwaltar nan ce. In gyara ya yi, ya kuma faɗa maka, babu laifi. In ruɓaɓɓen katako ya rufe, algus ne, kana da zaɓin mayarwa ranar da aibin ya bayyana.

Wasu za su ce ai ka yarda da "ba dawowa", kuma Hanafawa sun inganta barranta, wato mai sayarwa ya sharɗanta cewa babu ruwansa da kowane aibi. Wannan bai gamsar da ni ba. Mutum ba ya yafe abin da bai sani ba alhali abokin cinikinsa ya sani. A Muwaɗɗa, Ibn Umar ya sayar da bawa kan dirhami 800 da irin wannan sharaɗi, mai sayen ya ce bawan yana da ciwo, Halifa Usman ya nemi Ibn Umar ya rantse bai san ciwon ba, ya ƙi rantsuwa, aka mayar masa. Mashhurin mazhabar Malik ma bai yarda da barranta a kaya irin jirgi ba. Sharaɗin bai kare mai sayar maka ba.

Shawarata, ɗan'uwa, ku yi ciniki da zaɓi na kwana uku, gaban Sarkin Ruwa. Katako yana tsukewa a tudu, don haka yoyon ranar farko ba hujja ba ne. Bar shi a ruwa ya kumbura, sannan ka duba. Caka wuƙa a gindi da kewayen ƙusoshi, in ta shige da sauƙi ya ruɓe. Kada a tayar da inji a bushe, robar famfon ruwa za ta ƙone. Sa ƙafarsa cikin gangar ruwa ka tayar, ka ga yana tsarto ruwa. Man giyar injin in ya yi fari kamar madara, ruwa yana shiga.

Kuma rayuka za ka ɗauka. Kuɗin da araha ta rage maka, sayi rigunan kariya da su, ka bar lodi fiye da kima ran kasuwa. Wallahu a'alam.