Nama mai gishiri, cuku da giya: yadda muke yi da teburin Italiya

Yaya, ka tambaye ni yadda muke fama da ci da sha a ƙasar da aka ce maka ba a ajiye faranti sai da kwalba a gefensa. Wanda ya ba ka labarin bai yi ƙari sosai ba, musamman a nan yankin Emiliya, tsakanin Parma da Modena, inda kusan kowane biki yake farawa da faffaɗan katako shaƙe da yankakken nama da cuku.

Bari in fara da abin da ke kan katakon. Akwai prosciutto, wato cinyar alade da ake shafe wa gishiri a rataye ta fiye da shekara guda tana shan iska, sannan a yanka ta siriri har kana hango haske ta ciki. Akwai mortadella ta Bologna, akwai salame iri-iri, duk niƙaƙƙen naman alade ne da ake ɗurawa a yanka. Sai cukun Parmigiano Reggiano, wanda kowane dunƙule yake kai kilo 40, ya ci madara wajen lita 550, ya yi makonni uku ko fiye a cikin ruwan gishiri, kuma ba a sayar da shi da wannan suna sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. Ba sa yanka shi, da wata gajeriyar wuƙa suke ɓantare shi gutsure-gutsure.

To me ya kawo giya? Ni dai ba ta taɓa shiga bakina ba, amma na tambayi maƙwabta kuma bayaninsu ya shiga kai. Kitse yana lulluɓe harshe, gishiri yana busar da baki, in ka ci yanka uku sai na huɗu ya daina yi maka daɗi. Suna neman abin da zai wanke bakin, mai tsami kuma mai kumfa. Shi ya sa mutanen nan suke riƙe da Lambrusco, jar giyar inabi mai tartsatsi wadda ake yi a gonakinsu. Sun ce giya mai bauri da yawa ba ta jituwa da gishiri, ɗaci take ƙarawa. Cuku mai tsananin ƙarfi kamar Gorgonzola kuwa, mai zaƙi suke haɗa shi da ita. Kowane yanki da tasa: mutanen Toskana da Chianti, mutanen tsibirin Sardiniya da Cannonau.

Ka lura, duk abin da suke nema a kwalbar nan, tsami ne da kumfa, wani lokaci zaƙi. Babu ɗaya daga cikin ukun da sai da maye ake samunsa, kuma a nan ne mu Hausawan wurin muka samu hanyarmu. Ruwa mai gas da yankin lemun tsami yana yin aikin. Akwai chinotto, baƙin lemon kwalba mai ɗaci-ɗaci, akwai Crodino wanda su kansu suke sha idan ba sa son barasa. Matanmu kuma sun gano cewa zoɓo, idan aka rage masa sukari aka bar tsaminsa, babu abin da ya kai shi tafiya da Parmigiano. Su Italiyawan ma suna da nasu haɗin da ba ruwansa da giya: cukun tumaki na pecorino da zuma, ko cuku da pera, wani ɗan itace dangin tuffa, ko a ɗiga wa Parmigiano baƙin khal na Modena, wanda na gargajiyarsa yake shekara 12 a ganga. Khal dai ka san matsayinsa, Manzon Allah (SAW) ya yabe shi.

Nama ne ya fi ba mu aiki. Abin da ya fi kusa da mu shi ne bresaola, naman sa da ake busarwa a kwarin Valtellina, can arewa kusa da iyakar Suwizalan. Ɗan'uwan kilishi ne a asali, sai dai babu labu babu yaji, kuma ba ya ganin wuta. Ja ne wur, mai laushi, ana shimfiɗa shi a faranti a zuba man zaitun da lemun tsami, a watsa rucola, wani ganyen salak. Amma kasancewarsa naman sa bai isa ba. Wasu suna sa giya a cikin haɗin gishirin da ake jiƙa shi, kuma yawancin naman daga Kudancin Amurka ake shigo da shi, ga kuma maganar yanka. Saboda haka yawancinmu a wurin mahautan Musulmi muke saye, galibi mutanen Maroko da Masar da Pakistan, inda ake samun bresaola da salame na sa ko na talotalo masu shaidar halal.

Abin da nake so ka fi riƙewa, Yaya, shi ne kwalba da cinyar alade ba su ne matsalar ba, don ido yana ganinsu. Ɓoyayyen shi ne strutto, narkakken kitsen alade. A wannan yanki ana sa shi a burodi, ana sa shi a piadina mai kama da gurasa, a cikinsa ake soya ƙullun fulawar da suke kira gnocco fritto. Baƙo zai kauce wa nama ya ɗauki burodi yana ganin ya tsira. Shi ya sa duk wanda ya sauka a cikinmu, kalmomin farko da muke koya masa su ne maiale (alade), strutto da vino (giya), ya iya neman su a bayan leda tun kafin ya iya gaisuwa. Haka kuma a yankin Veneto akwai cukun da ake tsoma shi cikin giya ko dusar inabinta, ɓawonsa ya yi shunayya. Wannan ba ma kusantarsa.

Shi kansa cukun akwai magana a kansa. Ana daskarar da madarar Parmigiano ne da wani abu da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi mai shan nono. Malamai sun saɓa: Imam Abu Hanifa yana ganin tsarkinsa ko da ba a yanka dabbar bisa shari'a ba, Malikiyya da Shafi'iyya kuwa sun tsananta. A cikinmu akwai mai ci, akwai wanda sai ya ga tambarin halal, akwai mai neman wanda aka daskarar da tsiro. Ni ina cikin masu neman tambari, amma ba na zargin wanda ya bi ɗaya fatawar, kuma ba na son yadda wasu samarinmu suke mayar da abin rigima a bakin masallaci.

Zama a teburin da ake sha shi ne wurin da zuciyata ta fi nauyi, domin hadisin da ya hana yana nan, kuma Ba'italiye yana ɗaukar ƙin cin abincinsa da zafi ƙwarai. Dabarar da yawancinmu muka yi ita ce mu riga su gayyata. Mu kira maƙwabci gida, a ajiye masa shinkafa da miya da zoɓo, a faɗa masa gaskiya tun farko cewa gidanmu ba a sha. Da wuya ka ga wanda ya ɓata rai, kuma idan ya tashi ramawa, sau da yawa sai ka tarar ya kawar da kwalbar da kansa, ya nemo kifi.

Yara kuwa, tun a farkon shekarar karatu muke cike takarda a makaranta cewa kada a ba su alade, kuma ana kiyayewa. Abin da takarda ba ta iya yi shi ne bikin zagayowar haihuwar abokansu, inda ake jera ƙananan burodi da prosciutto a ciki. Nan sai uwa ta kira uwa a waya tun ana saura kwana biyu.