Amsa: Yadda gidan sufaye na Tewkesbury ya zama cocin gari

Malam, ka yi tambaya mai kyau: me ya sa ake kiran cocin Tewkesbury da ke Ingila "Abbey", wato gidan sufaye, alhali babu sufi ko ɗaya a ciki?

Asali gidan sufayen Katolika ne na ɗariƙar Benedict, an keɓe cocinsa don ibada a 1121. Da Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Paparoma a 1534, sai ya bi gidajen sufaye yana rufewa, yana kwashe dukiyarsu. Na Tewkesbury ya faɗa hannunsa a 1540.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne abin da mutanen garin suka yi. Suka ce a nan suke ibada tun kaka da kakanni, ba za su zuba ido a rushe ba. Suka haɗa fam 453, kuɗin ƙararrawa da darmar rufin da sarki zai narkar, suka fanshi ginin. An rushe yawancin ɗakunan sufayen, amma hasumiyar cocin ta dutse mai kusurwa huɗu tana nan tsaye. Yanzu cocin Angilika ne, sunan ne kawai bai canza ba.