Zuwa ga ƙanena: yadda masu ja da masu shuɗi ke zaman gari ɗaya

Ƙanena, ka tambaye ni ko da gaske ne magoya bayan Liverpool, masu jar riga, da na Everton, masu shuɗiya, ba sa ga-maciji, kuma yaya mu Hausawan da muka zauna a birnin nan na Liverpool muke yi a tsakaninsu. Hamayyar gaskiya ce, ranar wasa sai ka toshe kunne. Amma abin da talabijin ba ya nuna maka shi ne, waɗannan mutanen suna da ƙungiyoyi masu rajista, da kuɗin zama mamba, da shugabannin da ake zaɓa, kuma ƙungiyoyin suna zama teburi ɗaya duk lokacin da aljihunsu ko mutuncinsu ya shiga haɗari. Maslaha ce ke haɗa su, ba ƙauna ba, kuma a ganina shi ya sa abin ke ɗorewa.

Ka fara sanin cewa asalinsu ɗaya. Everton ce ke wasa a Anfield har 1892, aka yi rigima kan kuɗin haya, ta kwashe kayanta ta koma Goodison Park, shi kuma mai filin, John Houlding, ya kafa Liverpool don kada filinsa ya zauna haka nan. Fili ɗaya ne na shan iska, Stanley Park, ya raba su, har Everton ta koma sabon filinta na bakin ruwa a 2025. Gida ɗaya za ka tarar uba shuɗi, ɗa ja. Abin ya fi kama da wasan taubasai: baki ya yi ta zuba, amma ranar makoki tare ake zama.

Kuma an yi makokin. Ranar 15 ga Afrilun 1989 aka yi turmutsitsi a filin Hillsborough na Sheffield, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA da Nottingham Forest. Mutum 97 ne suka rasu sanadiyyarsa, duk magoya bayan Liverpool. 'Yan sanda da wata jarida suka ɗora laifin kan mamatan. Mutanen Everton ba su ce ina ruwanmu ba. An ƙulla ƙyallayen wuya ja da shuɗi tun daga Anfield har Goodison, suka tsaya tare da iyalan har 2016, lokacin da binciken kotu ya tabbatar cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma magoya baya ba su da laifi. Shekara 27 ke nan. Har gobe shaguna da dama a birnin nan ba sa sayar da waccan jaridar, The Sun, ko mai shagon ja ne ko shuɗi.

Haɗin kan yau da kullum kuwa kuɗi ne ya kawo shi. Ƙungiyar Spirit of Shankly ta magoya bayan Liverpool an kafa ta a 2008 don yaƙar Amurkawa biyu da suka sayi kulob ɗin suka lafta masa bashi, Hicks da Gillett. A Fabrairun 2016, sababbin masu kulob suka ce wasu kujeru za su kai fam 77. Ana minti na 77 a wasa da Sunderland, kusan mutum 10,000 suka miƙe suka fice, Liverpool na ci biyu da nema. Aka tashi biyu da biyu, amma cikin 'yan kwanaki masu kulob suka nemi afuwa suka janye farashin. Wata guda bayan haka kulob-kulob na Firimiya suka amince tikitin baƙi ba zai wuce fam 30 ba. Wannan ba aikin kulob ɗaya ba ne. Tun 2013 ake fafutukar, bayan Arsenal ta nemi fam 62 daga magoya bayan Manchester City, da yawansu suka ƙi saye. Duk mai bin kulob ɗinsa baƙo ne sau 19 a kaka, don haka abin da ya ci City yau, gobe kai zai ci. Wannan lissafin ne ya sa mutumin Manchester da na Liverpool suka riƙe kyalle ɗaya a London, abin da ba ka taɓa zato ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na abinci. A 2015 wasu daga Spirit of Shankly da takwarorinsu na Everton, Blue Union, suka fara tara abincin gwangwani a ƙofar filayen biyu ranar wasa, ana kai wa rumbunan tallafa wa mabukata. Takensu shi ne yunwa ba ta sa rigar kulob. Ɗaya daga cikin waɗanda suka faro abin, Ian Byrne, ya zama ɗan majalisar dokoki a 2019. A nan ne mu ma muka sami ƙofar shiga. Ka san taron ƙungiyoyin nan galibi a mashaya ake yi, yawancinmu kuwa ba ma zuwa can. Amma ɗaukar leda ka kai wa motar da ke tsaye a bakin fili, wannan sadaka ce da muka sani tun a gida, ba wanda zai tambaye ka wa kake goyon baya.

Mu kanmu a rarrabe muke. Waɗanda suka zo da girmansu da Arsenal ko Chelsea ko United suka zo a zuciya, ba su sauya ba. Wasu dattawa na da tausayin Everton saboda Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, da ƙwallaye biyun da ya zura wa Tottenham a kofin FA na 1995, sannan ga Yobo da Yakubu daga baya. Yaran da aka haifa a nan kuwa birnin suke bi, Salah ya kwashe mana su kusan duka. A falon ɗayanmu muke kallo, mai gida ya sa rigarsa, baƙi su sa tasu, wanda aka ci ya sha tsiya har mako ya zagayo. Doka ɗaya muka aro daga mutanen gari, kuma muna tsananta ta: ba a wasa da mamata. Yaron da ya kawo waƙar zolayar Hillsborough, ko ta hatsarin jirgin Munich na 1958 da ya kashe 'yan wasan United, ranar ya gama kallo.

Kada ka ɗauka duk lafiya lau ne. Akwai 'yan Everton da har yau ba su yafe abin da ya faru a filin Heysel na Beljiyam a 1985 ba. Mutum 39 suka mutu a wasan ƙarshe na kofin Turai tsakanin Liverpool da Juventus, aka kori kulob-kulob ɗin Ingila daga gasannin Turai shekara biyar, a daidai lokacin da Everton ce zakara kuma tana kan ganiyarta. Idan wasa ya yi zafi maganar na fitowa, kuma da muni take fitowa. Shugabannin ƙungiyoyi ba su kawar da wannan ba, sun dai iya ajiye shi a waje kafin su shiga taro.

Gwajin da ya fi girma ya zo a Afrilun 2021, da kulob 12 na Turai, shida daga Ingila, suka ce za su ware su kafa gasar kansu, Super League. Ƙungiyoyin magoya bayan kulob shidan, waɗanda kulob ɗinsu ne za su ci ribar, suna cikin waɗanda suka fara yin tir, da murya ɗaya. 'Yan Chelsea suka tare hanya a filinsu na Stamford Bridge, cikin kwana biyu abin ya ruguje. Saurin ya yiwu ne don sakatarorin sun riga sun san lambobin juna tun zamanin rigimar tikiti, kuma duk suna ƙarƙashin uwar ƙungiya ta ƙasa, wato FSA. Daga wannan hayaniyar gwamnati ta kafa kwamitin 'yar majalisa Tracey Crouch don duba yadda ake tafiyar da ƙwallon ƙafa, kuma a 2025 aka sa hannu kan dokar da ta kafa hukuma mai zaman kanta da za ta sa ido kan masu kulob, har da tilasta musu tuntuɓar magoya baya kafin a taɓa tambarin kulob ko launin riga.