Tallafi, kyauta ko haƙƙi? Amsoshin tambayoyin iyaye

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk daga iyaye suka fito, kuma duk wuri ɗaya suka dosa: kuɗin gwamnati da abin da ya kamata ya iso cikin gida daga cikinsu. Ni dai fagena harshe ne, don haka ta nan zan bi.

Wata Hajiya daga Funtuwa, wadda ke riƙe da alƙalamin ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar unguwarsu, ta rubuto: "Allah ya gafarta Malam, muna shirya takardar shawarwari zuwa ga gwamnatin jiha. Muna so a dawo da ciyar da yara, a ɗauke mana kuɗin jarrabawa, a kuma riƙa ba masu jego magani. Gardama ta kaure a kan kalmar da za mu sa a kan takardar: tallafi, agaji ko gudummawa?"

Hajiya, in don ta ni ne, kada ku sa ko ɗaya. Amma bari mu bi su.

Agaji na wanda masifa ta faɗa wa ne: gobara, ambaliya, hari. Mai neman agaji ihu yake yi, ba takarda yake zaunawa ya tsara ba. Gudummawa kuwa, ki saurari kalmar da kyau, za ki ji gudu a cikinta. Asalinta rugawa a kai wa wani ɗauki, kamar yadda dakarun wani gari ke kai wa maƙwabtansu a lokacin yaƙi, daga baya ta sauko zuwa abin da ake kai wa mai biki ko mai ginin masallaci. Tsakanin tsara da tsara ake yin ta, kuma ana sa ran ramawa. Gwamnati ba ƙawarki ba ce da za ta kawo miki gudummawa ranar suna. Af, tun da an zo wurin, da "m" biyu ake rubuta ta. Masu rubuta "gudunmawa" ba su yi sabo ba, amma bakinsu da kansa "mm" yake furtawa.

Saura tallafi, kalmar da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta. Tallafa da tallaba 'yan gida ɗaya ne: ka sa tafin hannu a ƙarƙashin abu don kada ya faɗi. Ungozoma kan tallabe ƙeyar jariri, mai tagumi ya tallabe kumatu. A gidajenmu na da akwai ɗan tallafi, yaron da mace kan karɓa daga 'yar'uwarta ta rene shi kamar nata, ta yi masa kaciya, in mace ce ta yi mata kayan ɗaki. Wannan shi ne nauyin kalmar a wurin kakanninmu: ɗaukar ɗawainiya har abin ya tsaya da ƙafarsa. Yau kuwa an kira 'yan jarida, an jera mata a rana, an miƙa wa kowace kwanon shinkafa da taliya biyu, sai ka ji a rediyo wai an raba tallafi. Wa aka tallabe? Kafin Juma'a ta zagayo tukunyar ta koma yadda take. Wannan sunansa rabo, ko a ce ɗan abin taɓawa.

Abin da ya ƙara dagula kalmar shi ne man fetur. Shekara da shekaru muna cewa "tallafin mai", alhali abin da ake yi rangwame ne: gwamnati na biyan wani kaso na farashi don mai saye ya samu da sauƙi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire shi, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Daga nan aka sanar da naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15, shi ma aka kira shi tallafi. Naira 5,000 ta wata-wata da aka riƙa ba marasa galihu a zamanin Buhari, tallafi. Bashin karatu na ɗaliban manyan makarantu da aka sa wa dokarsa hannu a 2024, wanda sunansa bashi kuma za a biya, na ji wani mai gabatar da shiri ya ce masa tallafi. Kalma ɗaya ta haɗiye rangwame da sadaka da bashi. In kalma ta zama haka, mai mulki ne ke cin ribarta, don komai ƙanƙantar abin da ya bayar ya samu suna mai girma.

To me za ku rubuta? Ku raba buƙatunku gida biyu. Abin da doka ta riga ta ba ku, ku kira shi haƙƙi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko, firamare da ƙaramar sakandare, wajibi ne kuma ba a biya, har ta ware kashi 2 cikin ɗari na babban asusun tarayya domin haka, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Wanda ya rubuta "muna roƙon tallafi" a kan wannan ya mai da kansa almajiri a ƙofar gidan ubansa. "Muna tunatar da gwamnati haƙƙin 'ya'yanmu" ya fi dacewa. Abin da babu doka a kansa kuwa, ku ce shawara, ku kawo hujja.

Kuma ku yi hattara da "kyauta". Ilimi kyauta, magani kyauta: mun saba, ba zan iya kankare ta daga bakin mutane ba. Amma kyauta abin da mutum ya ciro daga aljihunsa ne don kyautatawa, ana yi masa godiya, in ya fasa ba a kai shi ƙara. Kuɗin da ke biyan malamin firamare ba daga aljihun gwamna suka fito ba.

Wani magidanci daga Maraɗi: "Malam, mu nan lanho muke cewa, ku kuna cewa haraji. Wanne ne Hausa?"

Duka biyun baƙi ne da suka zauna har suka yi gida. Haraji daga Larabci, lanho daga Faransanci, kamar yadda kuke cewa lakwal mu muna cewa makaranta. Kada wani ɗan Kano ya yi maka dariya, shi ma aro ya yi. Tun da ka ambaci cewa kuna neman a tabbatar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda Nijar ta ɗauke wa iyaye biyansa tun 2006 amma sau da yawa a je a tarar babu maganin, ga karin maganar da za ka riƙe: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanzami ne ake nufi. Ya karɓi kuɗin tun kafin ya duba kan da zai aske, to ƙyama ba ta cece shi ba. Lada a nan ba ladan lahira ba ne, kuɗin aiki ne, irin na "ladan gaɓe". Na sha jin matasa suna fassara ta da cewa wai wanda ya taimaki kuturu zai samu lada, abin da ke nuna ba su taɓa zama gaban wanzami ba.

A wajenmu kalmar haraji tana da ɗaci na musamman. Dattawa na tuna lokacin da dagaci da dogarai ke bi gida-gida, wanda ya kasa biya a shanya shi a rana ko ya gudu ci-rani, Fulani kuma a ƙirga shanunsu a karɓi jangali. Yaƙi da wannan na cikin abin da ya tara wa Malam Aminu Kano jama'a tun kafa jam'iyyar NEPU a 1950, kuma da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi. Shi ya sa har yau wasu ke cewa "ai mu ba ma biyan haraji", sai su ji kunyar tambayar gwamnati. Kuna biya. Yana cikin kuɗin katin waya, da kuɗin rumfar kasuwa, da rasit ɗin da ɗan acaɓa ke yanka kowace safiya. Dogarin ne kawai ya daina zuwa ƙofar gida.

Wani ɗalibi daga Zariya: "Mene ne asalin kasafi?"

Kasa. A kasa abu kashi-kashi, a kasafta shi. Je ka bakin kasuwa da yamma ka tsaya gaban mai dankali: ya shimfiɗa buhu, yana jera ƙanana a ƙasa, ya ɗora manya biyu ko uku a sama don su ja ido, ya ja baya ya duba, ya cire ɗaya daga wannan kashin ya ƙara wa wancan. Kasafi ke nan, kuma daga nan aka samu "kashin dankali", zaman da babba ke danne ƙarami. Wanda ya fara cewa "kasafin kuɗi" ya iya Hausa, Allah ya saka masa. Iyayen da ke cewa a ƙara wa lafiya kaso suna da madogara: a Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kuma kasafin tarayyar Nijeriya bai taɓa kaiwa can ba.

"Giɓin kasafi fa?" Giɓin haƙori ne, wurin da ya kamata a ga abu ba a gan shi ba.

"Lalitar gwamnati?" Lalita jakar fata ce ta zuba kuɗi. Baitulmali ya fi ta girma da tsufa, asusu kuma na yara ne kafin banki ya ara.

Wata malamar firamare daga Haɗeja: "Malam, ya dace in sa 'da ruwan ciki ake jan na rijiya' a kan takardar neman ciyar da ɗalibai? Wani ya ce karin maganar ta 'yan kasuwa ce."

Malama, sa abinki. Gaskiya ne 'yan kasuwa na amfani da ita a kan jari, cewa sai da kuɗi ake neman kuɗi, amma wannan ma'ana ta biyu ce. Ta farkon a fili take: mai jan guga sai da abin da ya riga ya sha. Yaron da ya fito gida bai karya ba, ƙarfe goma na yi kansa na bisa benci. Ke kin fi ni sani. Shirin ciyarwa na tarayya da aka fara a 2016 ya tsaya ne a aji ɗaya zuwa uku, da farko a kan naira 70 kowane yaro, kuma an dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen jin ƙai a Janairun 2024. In za ku nemi a ci gaba da shi, ku faɗi adadin da zai sayi ƙwai a yau, kada ku bar wa wani ya ƙiyasta muku. Akwai kuma "yunwa a ba ki a huta", amma ita ta fi kyau a baki, ba a takardar ofis ba.

Wani Alhaji daga Gusau, mai iyali da yawa: "Ba an ce wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci ba? To me ya kawo maganar gwamnati a cikin ciyar da iyali?"

Alhaji, maganar tawakkali ce, kuma gaskiya ce. Ana faɗa wa wanda tsoron talauci ya hana shi barci don hankalinsa ya kwanta. Ba a yi ta don a sallami mai haƙƙi ba, ko uba ne ke son zamewa ko hukuma. Bahaushen da ya faɗe ta shi ne kuma ya ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Karin magana ba a ɗaukar ɗaya a bar 'yar'uwarta. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024. Ka kasafta shi a kan baki goma na kwana talatin, ka ga ko maganar ta shafi masu tsara albashi ko ba ta shafe su ba.

Wata matashiya daga Kumasi: "Talaka da matalauci ɗaya ne?"

A'a, kuma wannan na cikin abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Matalauci shi ne marar abin hannu. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, wanda ake mulka. Attajirin da ke da raƙuma ɗari a Kano ta da, in ya zo gaban sarki talaka ne, zai tuɓe takalmi ya faɗi gaisuwa. Shi ya sa ake cewa "sarki da talakawansa", ba wai duk garin fakirai ne ba. Yanzu ma'anar ta zame, har mai mota ya ce "ni ba talaka ba ne". Na san harshe na tafiya, ba na jayayya da kogi. Amma ga inda abin ke cizo: in kun rubuta "a taimaki 'ya'yan talakawa" kuna nufin matalauta, za a buɗe rajista, a ce kowa ya zo ya nuna shaidar rashi, a zaɓi ashirin a unguwa, sauran su koma gida. In kuna nufin talaka da ma'anarsa ta asali, to kowane yaro ke nan a makarantar gwamnati, ɗan tela da ɗan malami da ɗan mai shago. Ku san wanda kuke nufi kafin ku sa hannu, don wanda zai karanta takardar zai zaɓi ma'anar da ta fi masa arha.

Na ƙarshe, daga Jos: "Romon dimokuraɗiyya Hausa ce mai kyau?"

Mai kyau ce ƙwarai, 'yan siyasa ne dai ba su lura da abin da suke faɗa ba. Romo ruwan nama ne. Duk wanda ya yi maka alkawarin romo, ka tambaye shi wa zai ci tsokar.