Sitefa ko sarbo: wane moto zan sa wa injin milin ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon aikin ƙarfe a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ina da tsohon injin milin na hannu, wato injin sassaƙa ƙarfe, da shi nake sassaƙa kayan injin ban ruwa na manoman fadama da na injin casar shinkafa. Ina son in mayar da shi mai aiki da kwamfuta, wato CNC. Abokina ya ce in sa moto sitefa, ɗana kuma ya ce sarbo ne na zamani. Kuɗina ba su da yawa. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Maigida, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin mu zo kan moto, je ka kama hannun teburin injin, ka juya shi dama, sannan ka dawo da shi hagu a hankali. Za ka ji ɗan juyin da hannun ke yi alhali teburin bai motsa ba. Kai ka saba da wannan sako-sakon, hannunka na cire shi ba tare da ka lura ba. Kwamfuta kuwa ba ta san da shi ba, sai ka ce ta yanka maka da'ira ta fito da rami mai tuntuɓe a kusurwa huɗu. Manhaja tana rage matsalar, amma ba ta kawar da ita. Saboda haka kuɗinka na farko su tafi kan sauya tsohon sukurun teburin da mai ƙwallaye, wanda ake kira bol-sikuru. Duk tsadar moto, in sukuru na wasa aikin banza ne.

Shi sitefa taki-taki yake tafiya. Yawancinsu taki 200 ne a zagaye ɗaya, kowane taki digiri 1.8. In sukurunka na tura tebur milimita 5 a zagaye, taki ɗaya ya zama milimita 0.025, kuma hakan ya wadatar da irin aikinka. Yana da araha, haɗa shi ba wuya, ga ƙarfin murɗa sosai in ana tafiya sannu. Aibinsa shi ne ba ya kawo rahoto. In wuƙa ta dakushe ko ka zurfafa yanka, sai ya tsallake taki, kwamfuta ta ci gaba da ƙirga abinta kamar ba abin da ya faru. Na taɓa riƙe wani faifan ƙarfe da aka huda haka: ramuka biyu na farko daidai, sauran duk sun goce gefe ɗaya, ƙusa ta ƙi shiga, an yi asarar ƙarfe da yini guda. Sannan ƙarfinsa na raguwa in gudu ya ƙaru, kuma yana jan wuta yana zafi ko da a tsaye yake.

Sarbo kuwa yana da na'urar ƙirga juyi a bayansa, enkoda, wadda ke shaida wa direbansa, wato na'urar lantarkin da ke sarrafa moton, inda yake a kowane lokaci. In ya goce sai ya gyara, in ya kasa sai ya tsaya da ƙararrawa. Yana riƙe ƙarfinsa har zagaye 3000 a minti. Ɗanka bai yi ƙarya ba, sarbo ya fi inganci. Sai dai yana da tsada, yana son saiti, in saitin bai yi ba ka ji shi yana gurnani yana karkarwa. Kuma teburin tsohon inji mai nauyi ba ya buƙatar wannan gudun, dole ma ka rage shi da bel da fuli.

Shawarata, sayi na tsakiya: sitefa mai enkoda, girman da masu sayar da moto ke kira NEMA 34. Ya ɗara sitefa zalla tsada kaɗan, amma ba ya ɓatar da taki a ɓoye, kuma bai kai shi zafi ba. Ka bar sarbo sai ranar da oda ta yi maka yawa har gudu ya zama kuɗi.

Abu ɗaya nake roƙonka kada ka yi wa rowa: moton da ke ɗaga kan injin ko teburinsa ya zama mai birki. Bol-sikuru yana da santsi, da zarar wuta ta ɗauke nauyi zai iya sulalowa ƙasa, ya karya wuƙa ko ya danne hannun yaron shago. Akwatin direbobi kuma a sa masa fanka da abin tace iska, domin zafin Afrilu a Sakkwato na haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. A haɗa da sitabilaiza, musamman in da janareta kake aiki, da ƙananan makunnai a ƙarshen kowace hanyar da tebur ko kan injin ke bi don injin ya sake gano mafarinsa bayan wuta ta dawo.