Ku Tambaya Mu Amsa: Hayar kayan taro da kwangilar ƙaramar hukuma

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ba da hayar kayan taro ce: rumfuna, kujeru, tebura, lasifika da janareta. Na gaje ta ne daga maigidana, Allah Ya jiƙansa, kuma akwai yaran da ke cin abinci a ƙarƙashina. Ƙaramar hukumarmu tana yawan shirya taruka, kamar raba kyaututtuka ga ɗalibai da baje kolin 'yan kasuwa. Duk sadda aka tallata aikin nakan miƙa tayina, amma kullum kamfani ɗaya ke samu. A na ƙarshen nan farashina ya fi nasa sauƙi, domin a gabanmu aka karanta. Da na tambaya sai aka ce ban cika sharaɗi ba, wai sai mai kujera 2,000 mallakin kansa, da lasifika ƙirar wani kamfani guda. Alhali mutum 600 aka shirya wa taron. Zalunci ne wannan, ko ni ce ban gane tsarin ba?

Wata mai hayar kayan taro

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan maigidan, Ya sa albarka a abin da ya bari.

Bari in fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba. Sauƙin farashi shi kaɗai ba ya sa aiki ya zama haƙƙinki. Na daɗe ina zama a kwamitocin tantance tayi, kuma na sha sa hannu a bai wa wanda ya fi tsada da zuciya ɗaya. Taro rana ɗaya gare shi. In janareta ya mutu ana tsaka da jawabi, ko iska ta ɗage rumfar da ba a kafa ta da kyau ba ta faɗo kan yara, ba mai tunawa da cewa an samu rangwame. Saboda haka hukuma na da ikon neman inshora, da janareta na biyu a ajiye, da mai gyaran lantarki da zai tsaya har a tashi, da shaidar cewa kin taɓa ɗaukar aiki mai girman wannan. Duk wannan daidai ne, matuƙar an rubuta shi tun farko, an kuma faɗi makin da kowane abu zai ci.

Amma sharuɗɗa biyun da kika kawo ba su kwanta mini ba, kuma a nan nake so mu tsaya. Mutane na zaton ranar buɗe ambulan ake yin maguɗi, shi ya sa suke cika zauren suna zuba ido. A abin da na gani, yawanci an gama komai makonni kafin ranar, a cikin takardar da ta bayyana aikin. Wanda ya rubuta ta ya san kayan da ke ɗakin ajiyar mutuminsa, sai ya kwafe su ya mai da su sharaɗi. Daga nan kowa na kwamiti zai iya rantsewa cewa ƙa'ida ya bi, kuma bai yi ƙarya ba.

Duba batun kujerun. Abin da hukuma ke bukata shi ne mutum 600 su samu wurin zama mai tsabta da ƙarfi kafin baƙi su iso. Ko kujerun naki ne, ko kin ƙaro wasu daga abokiyar sana'a, wannan bai rage wa taron komai ba. Sharaɗi nagari yakan yi daidai da girman aikin. Dokar sayayya ta Tarayyar Turai ta 2014 ta taɓo irin wannan kai tsaye: in hukuma za ta nemi shaidar cinikin da kamfani ke yi a shekara, kada abin da take nema ya wuce ninki biyu na darajar kwangilar, sai da ƙwaƙƙwaran dalili. An sa wannan iyaka ne domin an lura ana amfani da girman kamfani wajen korar ƙanana. Neman kujera 2,000 a taron mutum 600 shi ne wannan dabarar da wata fuska.

Na lasifika ma ya fi fitowa fili. Dokar samfuri ta sayayyar gwamnati da hukumar UNCITRAL ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011, wadda ƙasashe da dama suka ɗora nasu dokokin a kanta, ta hana ambaton sunan kamfani ko tambarinsa a bayanin aiki, sai in babu wata hanyar bayyana abin da ake so, kuma ko an ambata dole a ƙara da cewa an yarda da makamancinsa. Lasifika kuwa ba ta da wuyar bayyanawa. A faɗi faɗin filin, da yawan jama'a, da adadin makirufo, a ce ana so na bayan fili ya ji magana tangaran. Wanda ya ƙi yin haka ya tsaya kan suna ɗaya, ko dai lalaci ya sa ya kwafi takardar bara, ko yana da wanda yake nufi. Lalacin ya fi yawa fiye da yadda ake zato, amma a wurinki sakamakonsu ɗaya ne.

Akwai wasu abubuwan da nake so ki bincika, ko da ba ki ambace su ba. Kwana nawa ne tsakanin fitowar sanarwa da rufe karɓar tayi? A harkar taro an fi fakewa da gaggawa, a ce lokaci ya ƙure, sai a kira wanda aka saba da shi. Wannan uzuri yana ɓata mini rai, domin bikin raba kyaututtuka ba ambaliya ba ce, tun farkon shekara aka san ranarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar samfurin da na ambata ta ce gaggawar da hukuma za ta iya hangowa, ko wadda jan ƙafarta ya jawo, ba ta zama hujjar kauce wa takara ba.

Sai ki lura ko ana yayyanka aiki ɗaya gida-gida. Kusan kowace hukuma tana da wani adadin kuɗi da in aiki bai kai shi ba, ba sai an tallata ba, ya isa a nemi farashi daga mutum biyu ko uku. Sai ka ga rumfa takardarta daban, kujera daban, fitilu daban, kowanne ya tsaya ƙasa kaɗan da iyakar, kuma duk hannu ɗaya suka faɗa. Akwai kuma kishiyar wannan, inda ake cure komai na shekara a dunƙule ɗaya, har da dandamali da banɗakin tafi-da-gidanka, ta yadda babban kamfani kaɗai zai iya ɗauka. Raba aiki a fili domin ƙanana su shigo abu ne mai kyau, har dokar Turai ta 2014 ta ce hukumar da ta ƙi rabawa ta faɗi dalilinta. Bambancin shi ne ko an raba don a ƙara masu takara, ko don a guje wa takarar.

Zai yiwu kuma kamfanin nan yana cikin wata yarjejeniya ta tsawon lokaci, irin wadda ake yin takara sau ɗaya a zaɓi masu kawo kaya na wasu shekaru. A Turai ba ta wuce shekara 4 sai da dalili na musamman. In haka ne, ki tambayi ranar da za ta ƙare.

To, me za ki yi? Da farko ki nemi kwafin ƙa'idojin ba da kwangila na ita ƙaramar hukumar. Hayar kayan taro sau da yawa ba ta kai adadin da manyan dokoki ke hawa kansa ba, don haka ƙa'idar cikin gida ce ke aiki, kuma da ita za ki kama su. Sannan ki rubuta wasiƙa, ba ta faɗa ba, ki nemi a gaya miki a rubuce sharaɗin da kika faɗi a kansa, da makin da kika ci, da abin da ya sa wanda ya samu ya fi ki. Ki ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Maganar baka a bakin ofis ba ta da amfani gobe.

Ki kuma yi sauri. A ƙasashe da yawa akwai ɗan jinkiri tsakanin sanar da wanda ya ci da sa hannu a kwangila, domin mai ƙorafi ya samu damar magana. A Tarayyar Turai aƙalla kwana 10 ne, a Ingila kuwa dokar 2023 da ta fara aiki a Fabrairun 2025 ta sa kwanakin aiki 8. Inda babu irin wannan a rubuce, akwai mai binciken kuɗi, akwai kansilolin da ke sa ido kan kashe kuɗin majalisa. Kuma sashe na 9 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka shiga, ya ɗora wa gwamnatoci su sanar da aiki a fili, su kafa sharuɗɗa tun kafin takara, su kuma samar da hanyar ɗaukaka ƙara.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne ki yi magana kafin a rufe karɓar tayi. Da zarar kin ga sharaɗi irin na kujera 2,000, ki aika tambaya a rubuce: mene ne dalilinsa, kuma za a karɓi shaidar cewa za ki iya samar da adadin da taron ke bukata? A tsari nagari ana aika amsar ga duk masu takara ba tare da an faɗi wanda ya tambaya ba. Na ga sharuɗɗan da aka janye saboda tambaya ɗaya irin wannan, domin ba jami'in da ke son rubuta dalilin da ya san ba zai iya karewa ba.

TAMBAYA

Malam, ni ma ina wannan sana'a. Mu huɗu ne manya a yankinmu. Babbanmu ya kira mu ya ce mu daina karya wa juna farashi, mu riƙa yin karɓa-karɓa: wannan karon ni da sauran mu sa farashi mai tsada don shi ya ci, karo na gaba a bar mini. Ya ce ba wanda aka cuta tunda kowa zai samu. Ina ganin kamar da gaskiyarsa.

Wani matashi mai hayar rumfuna

AMSA

Ƙanena, kada ka shiga. Akwai wanda aka cuta, shi ne mai biyan haraji da zai biya kuɗin da takara ta gaskiya za ta rage, da kuma irin Hajiyar da ta rubuto a sama, wadda ba a kira ta zaman ba. Ƙungiyar OECD, ta haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ta fitar da jagora kan wannan a 2009, kuma abu biyun da babbanku ya kawo suna cikin manyan nau'o'in da ta lissafa: tayin rufa-ido (sa farashi mai tsada da gangan don wani ya ci) da karɓa-karɓa. Laifi ne a dokokin gasa na ƙasashe da yawa, a wasu har da ɗauri, ga kuma hana kamfani neman aikin gwamnati.

Kada ka ɗauka ba a ganewa. Masu bincike na duba takardun da ke da kuskuren rubutu iri ɗaya, da tayin da aka aiko daga kwamfuta ɗaya, da wanda ya faɗi takara sannan aka ga rumfunansa a filin taron. Hukumomin gasa da dama suna sassauta wa wanda ya fara kai rahoto, wato cikin ku huɗun, wanda ya riga jin tsoro shi zai tsira ya bar sauran.

Na san abin da ke tura ku. Kuna karya farashi har ba riba, sannan a riƙe muku kuɗi wata da watanni. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, shi ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2011 cewa hukumomin gwamnati su biya cikin kwana 30 a mafi yawan lokuta. Ku haɗu ku nemi a rubuta wa'adin biya a cikin kwangila. In aiki ya fi ƙarfin ɗayanku, ku miƙa tayi ɗaya na haɗin gwiwa da sunayenku duka a kai, hukuma ta san da wa take ciniki.

TAMBAYA

Malam, ni ma'aikaci ne a sashen sayayya na wata ƙaramar hukuma. Surukina yana cikin masu neman aikin kayan sauti, kuma wallahi kayansa sun fi na kowa. In na san zan yi adalci, dole ne in faɗa?

Wani ma'aikaci

AMSA

Dole ne, ɗan'uwa. Ka rubuta wa shugabanka yau, ka bayyana dangantakar, ka nemi a cire ka daga aikin gaba ɗaya, har da rubuta sharuɗɗa da amsa tambayoyin masu takara, ba ba da maki kaɗai ba. In ka riga ka sa hannu a bayanin aikin, ka faɗi haka, a ba wani ya sake duba shi kafin a rufe karɓar tayi. In kayan surukinka sun kai yadda ka ce, zai ci ba tare da kai ba, kuma ba wanda zai iya soke kwangilarsa daga baya saboda sunanka. Kada kuma ku tattauna aikin da shi ko a gida har sai an sanar da sakamako.