Ga ƙanena mai son ajiye alli saboda wasan daɓe

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, tun jiya da daddare na ga tambayarka. Sau biyu ina rubuta amsa ina gogewa, don da na fara sai in ji raina ya soma ɓaci. Ka ce kana koyarwa a makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ka tsakiyar wata, ga wani ya kawo wa ƙungiyarku aikin zagaya ƙauyuka da wasan wayar da kai, ya ce ku fara tukuna kuɗi na tafe, mai makaranta kuma ya ce ka zaɓa, ko aji ko dirama. Wallahi kamar labarina ka ɗauko ka sa sunanka.

Kada ka ajiye aikin nan. Kuma kada ƙafarka ta taka motar zuwa ƙauyen farko sai an damƙa muku kafin alƙalami, rabi ko abin da ya fi.

Bari ka ji yadda aka yi da mu. A Fabrairun 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, zaɓe ya matso, mutum da kuɗinsa a banki amma sai ya wuni a layi bai samu ko dubu biyu ba. Wani bawan Allah, ba zan kama sunansa ba, wasunku sun san shi don ya sha shayi a kan tabarmarmu, ya zo da aikin faɗakarwa a kan zaɓe ba tare da tashin hankali ba. Kasuwanni takwas. Mu goma sha ɗaya ne. Mako uku muna rihazal a wani ajin firamare bayan La'asar, kowa da kuɗin motarsa. Da lokacin tafiya ya yi ya ce kuɗin sun maƙale a Abuja, mu lallaɓa mu fara. Ni da nake shugaba na karɓi kwasar adashin matata, mai POS ya yanki nasa, na ba direban bas wani abu, na yi hayar janareta, na sayi goron gaisuwar masu gari.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wasan ya yi kyau. Akwai inda ɗan takara yake watsar da yaron da ya yi masa bangar siyasa bayan an sare shi a hannu. A kasuwa ta uku wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ratso da'irar ta dinga kwaɗa wa mai fitowa a ɗan takarar mafici tana cewa Allah ya isar wa yaron nan. Sai da muka tsayar da wasa mutane suka gama dariya. Shi kuwa mutumin namu yana gefe yana ta ɗaukar hoto. Kullum aka tashi sai ya miƙo mana takarda mu rubuta suna mu sa hannu, gurbin kuɗi kuma babu komai a ciki. Ya ce a ofis ake cikewa. Muka sa.

A kasuwa ta shida direba ya zare makulli ya ce ko taku ɗaya ba zai ƙara ba sai ya ga cikon kuɗinsa. Gaskiyarsa ce, shi ma mai ya saya. Mutumin ya ce bari ya shiga gari ya nemo sabis ya turo. Ya shiga motarsa da takardunmu da hotunanmu. Bayan awa ɗaya ya turo min hoton rasit, wai an tura, sabis ne ya riƙe. Na tsaya a kan wani tudu bayan masallaci ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Magariba ta yi, Isha'i ta yi, wayarsa a kashe. A zauren mai gari muka kwana, matan kuma aka shigar da su cikin gida. Allah ya saka wa mutanen garin nan, su suka ba mu tuwo.

Cikin matan akwai wadda ta bar yaye a gida, mijinta ya yarje mata ne bisa sharaɗin kullum ta dawo kafin Magariba, kuma ni na je na ɗaukar masa wannan alkawari da bakina. Duk daren nan ina jiyo kukanta ta katanga. Washegari na ba direba amfilifayata jingina ya dawo da mu. Na ɗauki wani dattijo muka je ba mijin haƙuri. Bai zage ni ba, da ma ya zaga da na fi jin sauƙi. Ya ba mu ruwa muka sha, ya ce: “Malam, ba komai, amma ta gama.” Shekara goma sha tara ina harkar nan ban ga macen da ke riƙe taron kasuwa da murya kawai kamarta ba. Yanzu ɗinki take yi. In mun haɗu a hanya mukan gaisa, amma har yau ba na iya haɗa ido da ita.

Daga baya na bi diddigi har na gano ƙungiyar da ta ba shi aikin. Ashe tun kafin mu fara rihazal aka biya shi kaso mafi tsoka. Suka nuna min rahotonsa, ga hotonmu, ga tsohuwa mai mafici, ga sa hannuna kusa da kuɗin da ban taɓa gani ba. Suka ce su da shi suka yi yarjejeniya, ba su san mu ba. Da na haɗu da shi a wani ɗaurin aure, cikin shadda tana ƙyalli, har da riƙe min hannu yana cewa ana nan ana bin Abuja. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba. Wata bakwai ina biyan matata.

To ka ga dalilin da ya sa nake cewa ka tambayi mutumin naka: wace ƙungiya ce ta ba da aikin? Ya haɗa ka da ma'aikacinsu ido da ido. In ya fara kame-kame, ka san inda aka dosa. A rubuta komai a takarda: wasa nawa, nawa ne kowane wasa, wa zai biya mota da abinci, yaushe ne cikon. Takardar da gurbin kuɗinta yake fayau kuwa, ko mahaifinka ne ya miƙo ta ka ce Baba a cike tukuna. Lissafin mota ma ka yi shi da farashin ranar tafiya, don tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye aikin zagaye.

Ku yi wa ƙungiyarku rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ku buɗe asusun banki da sunanta. Rashin wannan ne ya sa dillalai suke cin guminmu, don masu ba da aikin ba sa son tura kuɗi asusun mutum ɗaya, sai mai takarda ya karɓa da sunanmu. Mu sai da aka cuce mu muka yi.

Maganar barin aiki kuwa, duba na gabanmu. Yazi Dogo na Nijar malamin makaranta ne. Marigayi Samanja tsohon soja ne, kuma gidajen rediyo da talabijin na Kaduna ne suka ɗauki shirinsa. Malaman da ke wasa a gidan diramar nan na laka a ABU Zariya, waɗanda suka daɗe suna kai wasa ƙauyuka, ƙarshen wata albashi suke jira. 'Yan ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano daga daɓe suka fito, amma a 1990 suka yi fim ɗin Turmin Danya a kaset, jama'a kuma suka bi kaset, daga nan sai faifai, yanzu waya. Mutanenmu za su tsaya awa biyu a rana suna kallonka a kasuwa, amma ka ce su yanki tikiti su shiga zaure, sai dai 'yan'uwanka su zo, su ma a ƙofa za su ce ai na gida ne. Na gwada sau uku. Na ƙarshen, kuɗin ƙofa bai biya hayar kujeru ba.

Ina jin haushin yaran da ke ɗaura zani su yi ihun minti ɗaya a TikTok a kira su 'yan wasa, alhali ba su san yadda ake jefa murya ta kai bayan taro ba. Amma fa haushi ba ya hana ni gaskiya, sun fi mu sanin inda 'yan kallo suke. Ku riƙa ɗaukar wasanninku ko da waya ce, ku ajiye abinku. Da mun yi haka da muna da shaida a hannu.

Ajin nan da kake rainawa ma jari ne. Ni abin da ya fi riƙe ni a 'yan shekarun nan shi ne shirya wa makarantu wasan bikin yaye ɗalibai, sai ɗan aikin murya a wasan rediyo in ya samu. Kuɗin ba yawa, amma mai makaranta ba ya ɓacewa, ka san ƙofarsa. Ka je ka same shi cikin ladabi, ka ce a bar ka ka kafa kulob ɗin dirama, zagayen kuma a tsara shi a hutu ko a ƙarshen mako. Kasuwannin ƙauye ai kowace da ranarta, Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi, in an so a tsara za a tsara. In mutumin naka ya ce dole sai ranakun karatu, ka tura mataimakinka ya ja tawagar, kai ka riƙe rubutu da rihazal.

In da matan aure a cikinku, don Allah ka ware kuɗin motar dawowarsu daban, tsaba, a aljihunka na ciki, kada ka taɓa shi ko me ya faru.

Ka turo min saƙo ta gefe ka faɗa min ku nawa ne da kuma yankin da za ku. Ina da kwafin yarjejeniyar da muke amfani da ita yanzu, shafi ɗaya ce, sai ka canza suna. Amfilifayar ma na karɓo ta, tana ɗan shaƙewa in ta yi zafi, amma in kuna so ku zo ku ɗauka.